Nazarin lamari: tiyatar kunnen yarinya 'yar shekara 9, daga yankar kati zuwa aiki na biyu

An harhaɗa wannan lamari ne daga irin abin da ma'aikatan sashen kunne, hanci da maƙogwaro ke gani a manyan asibitocin Arewa, shi ya sa babu sunan yarinya, babu na asibiti. Alƙaluman magani da ke ciki na nauyin jikin wannan yarinyar ne, kada wani ya ɗauka ya auna wa nasa ɗan.

Yadda ta zo asibiti

Shekararta 9, nauyinta kilo 26, tana aji huɗu a firamare. Kunnenta na hagu ya fara ruwa tun tana shekara 5, bayan wata mura mai zazzaɓi a cikin hunturu. Ruwan ya kan tsaya wata biyu ko uku, ya dawo. A tsawon shekara huɗun nan babu abin da ba a zuba a kunnen ba: man zaitun, ruwan albasa, da maganin ɗigawa kala-kala daga kemis, har da mai jentamaisin a ciki, wanda ba a son sa shi a kunnen da dodonsa ya huje, domin yana iya ratsawa ya lahanta kunnen ciki. Idan ƙaiƙayi ya dame ta, gashin kaza ko tsinken ashana take turawa.

Ba zafi ne ya kawo su ba, don kunnen ba ya mata zafi. Malamarsu ce ta aiko cewa yarinyar ba ta amsa kira idan an yi daga hagunta, kuma yara sun daina zama kusa da ita saboda wari. Sai kuma wata safiya uwar ta ga ɗigon jini a matashi.

A zuwan farko likita bai iya ganin komai ba, mugunya ta cika ramin. Aka zuƙe ta da siririn bututu a ƙarƙashin madubin ƙara girma, aka ba da maganin ɗigawa na siprofloksasin na kwana 14, aka koya wa uwar yadda ake murza tsabtatacciyar auduga ta yi tsini a tsane ruwan sau uku a rana kafin a ɗiga. Wannan koyarwar tana da muhimmanci, don maganin da aka ɗiga a kan mugunya ba ya kaiwa inda ake so. Da suka dawo ruwan ya ragu, warin yana nan. A saman dodon kunnen aka ga wani rami mai ɓawo a bakinsa, cikinsa cike da farin abu mai kama da jiƙaƙƙiyar takarda.

Abin da ke cikin kunnen

Dodon kunne tantani ne da faɗinsa bai wuce santimita ɗaya ba. Bayansa akwai ɗan ɗaki mai iska, kunnen tsakiya, inda ƙasusuwa uku ke jere suna miƙa sauti: guduma, maƙera da likkafa, an sa musu sunayen ne saboda kamanninsu. Likkafa ita ce ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, kimanin milimita 3. Iskar ɗakin tana shiga ta wani bututu da ya taso daga bayan hanci. A yara bututun gajere ne kuma a kwance yake, mura kaɗan ke toshe shi. Idan ya daɗe ba ya buɗewa sai iskar ciki ta ragu, dodon kunne ya lotsa ciki, ɓangarensa na sama da ya fi rauni ya zama aljihu.

Fatar kunne kullum tana saɓa, saɓar kuma tana fita waje da kanta. Wadda ta faɗa aljihun nan ba ta da mafita. Sai ta taru, ta kumbura, ƙwayoyin cuta su shiga, ta fara cin ƙashin da ke kewaye da ita. Wannan shi ne kolestiyatoma. Johannes Müller, masanin Jamus, shi ya raɗa sunan a 1838, kuma sunan yana ruɗarwa, domin yana kama da sunayen ciwon daji alhali abin ba daji ba ne, fata ce kawai a inda bai kamata ta kasance ba. Sai an faɗa wa iyaye haka ƙarara, don da yawa da zarar sun ji an ce "wani abu na girma a ciki" hankalinsu ya tafi ga ciwon daji.

Haɗarin yana ga maƙwabta. Rufin kunnen tsakiya siririn ƙashi ne, samansa ƙwaƙwalwa. Jijiyar da ke motsa rabin fuska ta ratsa ta bangon ɗakin. Gefe guda akwai bututun daidaita tsayuwa, baya kuma babbar jijiyar jini. Kolestiyatomar da aka bari tana iya kaiwa ga karkacewar baki, jiri mai tsanani, kurumta ta dindindin, sanƙarau, ko ƙurji a ƙwaƙwalwa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2004 ya ƙiyasta masu fama da daɗaɗɗen ruwan kunne tsakanin miliyan 65 zuwa 330 a duniya. Mafi yawansu hujin dodon kunne ne kawai, wanda sharewa da ɗigawa ke busarwa. Mai kolestiyatoma kuwa babu maganin ɗigawar da zai raba shi da ita, sai tiyata. Alamar da ke bambanta su a wurin ma'aikacin ƙaramin asibiti ita ce ruwa kaɗan, wari mai ƙarfi, jini jefi-jefi, da ƙin warkewa bayan an yi magani yadda ya kamata. Irin wannan tura shi ake yi inda ke da madubi da kayan aiki, kamar Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri.

Awon ji, wanda ake yi da ma'aunin ƙarfin sauti mai suna desibel, ya nuna kunnen dama yana kama sauti tun a desibel 15, wato lafiya lau. Na hagu sai an kai desibel 45, amma da aka ɗora na'urar a kan ƙashin bayan kunne sai ta ji sarai. Ma'ana kunnen ciki da ransa, hanyar da sauti ke bi ce ta lalace. Hoton CT ya nuna abin ya cika lungun sama ya gangara cikin ƙashin bayan kunne, mastoyid, kuma ƙafar maƙera ta cinye. Rufin da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa bai huje ba.

Shawarar da aka yanke da iyaye

Hanya biyu ce. Ko a rushe bangon bayan ramin kunne a haɗe shi da mastoyid su zama kogo guda, ko a bar bangon a yi aiki ta gabansa da ta bayansa. Ta farko ta fi hana ciwon dawowa, amma kogon yana buƙatar a riƙa share shi a asibiti lokaci-lokaci har tsawon rai, kuma ba ya son ruwa. Ta biyu tana barin kunne a siffarsa, sai dai ɓurɓushin fata na iya maƙalewa inda ido ba ya gani, don haka dole a sake buɗewa bayan wata 9 zuwa 12, ko a yi wani nau'in hoton MRI na musamman inda ake da shi. A yara ciwon ya fi saurin dawowa.

Zaɓin bai tsaya ga abin da hoto ya nuna ba. Ana duba ko iyalin za su dawo. Yaron da za a sallama ya koma ƙauye mai nisa ba a sake ganinsa ba, barin masa bango kasada ce. Waɗannan suna da tafiyar awa biyu a mota, sun zo duk ranakun da aka ba su, uban ya ce zai iya ɗaukar nauyin aiki na biyu. Aka zaɓi barin bango, aka karɓi lambar waya biyu, ta uba da ta kawu.

Kafin uban ya sa hannu likita ya ce masa: "Malam, wannan aikin na farko ba don ji za mu yi shi ba. Don mu cire abin da ke cin ƙashi ne. Jinta yana iya raguwa bayan aiki, gyaransa sai a karo na biyu." An faɗi sauran haɗurran: taɓuwar jijiyar fuska, canjin ɗanɗano, jiri, ƙara a kunne, da yiwuwar mutuwar jin kunnen gaba ɗaya, ko da yake ba kasafai ba. Kuskuren da aka yi a nan shi ne uwar tana waje da goyo lokacin da ake wannan bayani, alhali ita ce za ta yi jinya.

Ranar da aka fasa

An yi gwajin jini, yawansa kashi 34, jinotayif ɗinta AA, wato ba ta da sikila, babu zazzaɓin cizon sauro, babu mura. Aka kwantar da ita da yamma, aiki ƙarfe 9 na safe. Ma'aikaciyar dare ta ce wa uwar: "Daga ƙarfe biyu na dare kar ta ci komai, ruwa kawai har ƙarfe shida." Da asuba yarinyar ta yi kukan yunwa, uwar ta ba ta rabin kofin koko. A wurinta koko sha ake yi, ba ci ba.

Ƙa'idar ita ce awa 6 babu abinci, awa 2 babu ko ruwa. Ruwan da ake nufi shi ne wanda ake hango gindin kofi ta cikinsa. Koko, kunu, fura, madara, shayi mai madara, duk abinci ne a wurin ciki. Idan aka sa mutum barci cikinsa da abu, tsokar da ke tsare maƙogwaro tana saki, abin ya taso ya faɗa huhu, kuma wannan yana kisa. Abin da ya ceci yarinyar shi ne yadda mai ba da maganin barci ya yi tambaya a ƙofar ɗakin tiyata. Bai ce "ta ci abinci?" ba, don da amsar a'a ce. Ya durƙusa ya ce: "'Yan mata, me da me kika sa a bakinki tun da kika tashi?" Ta ce koko.

Jerin waɗanda za a yi wa aiki ya cika ranar, ba a iya mayar da ita yamma ba, aka ɗaga mako biyu. Uban ya yi asarar kuɗin mota da na gado, ya huce a kan uwar. Laifin ba nata ba ne. Umarnin da aka bayar da kalmar "ci" kaɗai bai cika ba a garin da ake karya kumallo da abin sha. A zuwa na biyu ma'aikaciyar ta lissafa abubuwan da sunayensu, ta sa uwar ta maimaita, ta kwashe fulas da kofi daga kan durowar gado.

Shirya yarinya

Mako biyun ya yi amfani ta wata fuskar. A karon farko ba wanda ya yi wa yarinyar bayani, an dai ce mata "hoto za a ɗauke ki." Yaro ɗan shekara 9 ya san ba a hana mutum abinci don hoto, kuma idan ya kama babba da ƙarya sau ɗaya, duk abin da aka faɗa masa daga baya ba zai yarda ba. A karo na biyu wata ma'aikaciyar jinya ta zauna da ita minti goma, ta ɓangaren dama. Ta ba ta abin rufe hanci ta riƙe ta shinshina. Ta nuna mata robar ƙarin ruwa, ta lanƙwasa ta a gabanta don ta ga ba ƙarfe ke zama a hannu ba. Ta naɗa wa kanta bandeji a ka. Tambayar yarinyar ɗaya ce: "Anti, za a yanke min kunnen ne?" Abin da ke cinta ke nan tun mako biyu, ba wanda ya sani. Aka nuna mata da yatsa inda za a tsaga a bayan kunne, aka ce kunnen yana nan inda yake.

An ce wa uwar ta wanke mata kai ba tare da sa mai ba, ta yi mata kitson shuku don gashi ya tattaru sama, sai ya zama faɗin yatsa biyu kawai aka aske. An cire 'yan kunne da awarwaro saboda na'urar tsayar da jini da ke aiki da lantarki. An shafa man kashe zafi a bayan hannu awa guda kafin a sa allura. Likita ya zana kibiya a wuyanta ta hagu, kuma kafin a tsaga aka tsaya aka karanta suna, aiki da ɓangare da babbar murya, bisa jerin binciken tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008. Da zarar an lulluɓe kai da ƙyalle, dama da hagu kama ɗaya suke. Uwar ta raka ta har ta yi barci, an kuma faɗa mata tun farko cewa za ta ga ido ya juye jiki ya saki cikin daƙiƙoƙi, kada ta firgita.

Aikin kansa

Awa uku da 'yan mintoci ya ɗauka. An yi allurar lidokain, maganin kashe zafi, haɗe da adirenalin a bayan kunne don rage jini, saboda a ƙarƙashin madubi ɗigo ɗaya yana rufe filin aiki duka. Aka tsaga kaɗan bayan lanƙwasar kunne, aka yanko tantanin da ke kan tsokar gefen kai kamar faɗin farcen babban yatsa, aka matse shi aka ajiye ya bushe. Da shi ake facin dodon kunne, dabarar da ta samo tushe daga aikin Wullstein da Zöllner a Jamus a shekarun 1950.

Sai haƙar mastoyid da ɗan inji irin na likitan haƙori. Ana farawa da kai mai haƙora, idan an kusa jijiyar fuska a canza zuwa mai garin lu'ulu'u da ke goge ƙashi a hankali. Ruwan gishiri yana zuba ba tsayawa, domin zafin injin kaɗai yana iya ƙona jijiya ko ba a taɓa ta ba. Mai ba da maganin barci yana kauce wa maganin sakin tsoka mai daɗewa, don idan an kusanci jijiyar a ga fuska ta motsa, yana kuma kauce wa iskar sa barci ta naitiros, wadda ke taruwa a kunnen tsakiya ta ɗaga facin daga mazauninsa.

An tarar da jakar kolestiyatomar ta naɗe kan guduma da maƙera. Ƙafar maƙera ta riga ta rabu da likkafa, wato ita jakar ce ke miƙa ɗan sautin da yarinyar ke ji. Aka cire ragowar maƙera da kan guduma, aka ɓare jakar a hankali. Likkafa lafiya take. Siririyar jijiyar ɗanɗano da ta gitta wurin an ja ta gefe, ba a yanke ba. A wani lungu bayan likkafa jakar ta yage, aka leƙa da kyamara mai kallon gefe aka share iya gani, aka rubuta a takarda cewa nan ne za a fara dubawa a aiki na biyu. An toshe gurbin da ciwon ya ci da guringuntsin kunnenta, aka shimfiɗa faci, aka tallafe shi da soso mai narkewa, aka cusa ƙyalle mai magani a ramin kunne, aka ɗinke, aka naɗa bandejin matsi.

Farkawa da daren farko

Ta farka tana fizge-fizge tana kai hannu ka. An kwantar da ita a kan damanta don kada ta danne wurin aiki, wanda daidai ne, sai dai hakan ya binne kunnenta mai ji a matashi, ɗayan kuma a toshe. Tana ganin bakuna na motsi ba ta jin komai. Ma'aikaciyar ɗakin farfaɗowa ta gane, ta juya ta rigingine, ta ɗaga kan gadon, ta sa baki kusa da kunnen dama ta ce an gama, ga Mama nan. Aka shigo da uwar. Ba a buƙaci wata allurar kwantar da hankali ba.

Gwajin farko na fuska ne: ɗaga gira, runtse ido, yaƙe haƙora, kumbura kumatu. An mayar da shi wasa, ma'aikaciya ta yi yarinya ta kwaikwaya. Gefen hagu ya ɗan yi nauyi. Lidokain da aka yi a kusa da jijiyar yana iya kawo haka, kuma yana sakin ta cikin 'yan awanni, amma ba a zauna kan zato ba. An rubuta lokaci, an kira likitan da ya yi aikin, an maimaita kowace awa. Kafin awa huɗu fuskar ta daidaita. Da ta wuce haka, ko ta ƙaru, matakin farko shi ne a sassauta bandeji da cushen, sannan likita ya yanke ko za a koma ɗakin tiyata. Idon da ba ya rufuwa kuma ana sa masa man ido a manne shi, don kada ya bushe.

Aikin kunnen tsakiya yana cikin masu yawan sa amai, saboda ana girgiza maƙwabcin sashen daidaita tsayuwa. An ba ta ondansetiron da deksametason tun tana barci, duk da haka ta yi amai sau biyu. An fara da kurɓin ruwa, sai shayi, sai koko da dare. Zuwa banɗaki na farko an zaunar da ita bakin gado minti biyu kafin ta miƙe, mutum biyu na riƙe da ita. Ɗan jiri idan an juya kai ba abin damuwa ba ne. Jirin da ɗaki ke juyawa, ido na rawa, amai ba tsayawa, shi ake kira wa likita.

Zafi kuwa ba a tambaye ta "yana miki ciwo?" ba, don yarinyar da aka tarbiyyantar da kunya kai kawai za ta girgiza. An nuna mata kati mai fuskoki daga murmushi zuwa kuka ta nuna wadda ta yi kama da ita. Farasitamol ana ba da miligiram 15 a kowane kilo, nata ya kama 390, duk awa 6, a kan lokaci ba sai ta yi kuka ba. Ba a ba yara asfirin, ba a ba ɗan ƙasa da shekara 12 kodin.

Wajen ƙarfe biyu na dare ta nuna fuskar kuka, amma goshi take taɓawa. Uwar ta je ta ce: "Sista, kanta take cewa." Ma'aikaciyar ba ta ƙara magani ba, ta haska fitila ta gwada tura yatsa ƙarƙashin bandejin, bai shiga ba. Ƙullin ya zauna a kan goshi ya yi jan shati. Ta sanar da likitan kwana, aka warware aka duba ko fatar kunnen ta naɗe ko jini ya taru a ƙarƙashin ɗinki, aka sake naɗawa da sassauci. Bandejin da ya matse haka har safe yana barin gyambo a goshi, ko ya kashe fatar gefen kunne. Ciwon kai bayan aikin kunne kuma ba a raina shi, shi ya sa aka auna zafin jiki aka lanƙwasa wuya a ga ko ya sanƙare. Da safe aka cire bandejin, washegari aka sallame ta.

A gida

Bayanin sallama wannan karon uwa da uba aka haɗa. Ruwa kada ya shiga kunnen har sai likita ya ce, aƙalla mako 6. Lokacin wanka a cuɗe auduga da Vaseline a toshe bakin kunne, a cire bayan an gama. Audugar waje ana canzawa idan ta jiƙe, ƙyallen ciki ba a taɓa shi. Babu fyace majina, atishawa baki a buɗe, babu ɗaukar tulu ko bokiti, babu tsalle-tsalle. Uban ya tambayi alwala, aka ce ta tsallake kunnen hagu, shafar kunne sunna ce a mazhabar Malikiyya, ba farilla ba. Hijabin da ke matse kunne a bar shi mako biyu, ta yafa mayafi. An ce su dawo ko da tsakar dare idan baki ya karkace, zazzaɓi ya zo da ciwon kai ko sanƙarewar wuya, bayan kunne ya kumbura, fatar kunne ta yi ja da zafi, ko wani ruwa garai-garai yana ɗiga.

Abu biyu suka karkace. Kwana na uku uban ya bugo waya cewa maganin ba ya aiki. Da aka bincika, ruwan farasitamol ɗin da suka saya mai miligiram 120 ne a mililita 5, uwar kuma cokali ɗaya take bayarwa kamar yadda ta saba tun yarinyar na ƙarama, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na abin da ya kamata. Takardar sallama ta rubuta miligiram, ba ta rubuta mililita ba. Adadin ya kama mililita 16. Da an ba su sirinji an ja layi a kai, da ba a yi kwana biyun nan ana kuka ba.

An cire zare a kwana na 7, ƙyallen ciki a mako na biyu, bayan an jiƙa shi da maganin ɗigawa kuma an faɗa mata za ta ji ƙara da ja. A mako na huɗu aka yi biki a danginsu, mai kitso ta wanke mata kai babu toshi. Kwana biyu kunnen ya fara ruwa. Sun zo da wuri, aka zuƙe, aka ga faci yana nan sai ɗan jan nama a gefensa, aka ba da ɗigawa na kwana 10 ya bushe. An hana su ci gaba da ɗigawa bayan wa'adi, don yawan sa maganin yana gayyato naman gwari, kunne ya koma ƙaiƙayi da baƙin ɗigo-ɗigo. An faɗa wa uwa da uba dokar ruwa, ba a faɗa wa yarinyar ita kanta cewa tana da ikon hana babba zuba mata ruwa ba. Daga ranar aka faɗa mata. Ɗanɗanon ƙarfe da take ji a gefen harshe ya tafi a wata na biyu.

Ji, da aiki na biyu

A wata na uku awon ji ya nuna desibel 55 a hagu, wato jinta ya ragu ƙasa da yadda yake kafin aiki. Kunnen ya bushe, wari ya tafi, amma uwar, wadda ba ta ji bayanin farko ba, ta ɗauka an lalata wa 'yarta kunne. Sai da aka zana mata ƙasusuwan uku a takarda, aka goge na tsakiya, aka nuna mata giɓin. An rubuta wa makaranta takarda: a zaunar da ita gaba, damanta na fuskantar malami, kuma kada a mare ta. Wannan na ƙarshe an sa uban ya kai wa malamin Islamiyya da bakinsa.

Ranar da aka sa musu a wata na tara ba su zo ba. Lambar uban ba ta shiga, ta kawun ta shiga. Kunne ya bushe, kuɗin taki ya taso, sun ga babu dalilin sake yanka yarinya mai lafiya. Ma'aikaciyar da ta kira ta tuna wa kawun cewa ragowar ciwon a bayan faci ba ta ruwa, ba ta wari, ba ta zafi, har sai ta yi ɓarna.

An yi aiki na biyu a wata na 11. A lungun bayan likkafa, daidai inda aka rubuta, aka sami farar ƙwaya kamar ƙwayar gero, aka ɗauke ta ɗungurungum. Aka ɗora ɗan ƙarfen taitaniyom a kan likkafa a madadin maƙerar da aka cire, aka sa siririn guringuntsi tsakaninsa da dodon kunne don kada ya huda ya fito. Awa ɗaya da rabi aka yi, ta kwana ɗaya. Ita ce ta tuna wa uwarta maganar koko. Wata uku bayan haka awon ya nuna desibel 30. An sa ta a jerin masu zuwa duk wata 6, daga baya shekara-shekara, na aƙalla shekara biyar, kuma a kowane zuwa ana leƙa kunnen dama, don bututunsa irin na hagun ne.